Kobla: Yadda Manoman Amurka Ke Gasa Tuffar Da Kasuwa Ta Ƙi

Yau maganarmu za ta shiga madafa, amma asalinta daga lambu ne. Kowane mai lambu ya san ba dukan abin da itace ya haifa ke kai wa kasuwa ba. Akwai wanda iska ta kayar, akwai wanda tsuntsu ya caka, akwai wanda ya bugu a kwando, akwai kuma wanda ba shi da laifin kome sai dai Allah bai yi shi da kyan gani ba. Mai saye kuwa da ido ya ke saye. Manoman tuffa na Amurka da na Ingila sun daɗe suna fama da wannan asara, kuma matansu sun samo mata dabaru. Ɗaya daga cikin dabarun ita ce wani abinci da su ke kira kobla.

Kobla ba wani abu mai wuya ba ce. Tuffa ce a ke yankawa a zuba a kwano da ɗan sukari da kayan ƙamshi, sa'an nan a ɗiɗɗiga kwaɓin fulawa a bisa, a gasa. In ta nuna, ƙasa ya zama tuffa mai taushi cikin ruwanta mai kauri, bisa kuwa ya zama kamar gurasa mai laushin ciki da ƙarfin baya. Fuskarta ba sumul ta ke ba, tudu da kwari ce kamar an jera duwatsu, kuma haka a ke so ta.

Kafin mu kai ga tukunya, ya kamata mu san itacen. Asalin tuffa daga duwatsun Asiya ta Tsakiya ne, wajen ƙasar Kazakistan, inda har yanzu a ke samunta ta daji. Yau ƙasar Sin ita ke noma wajen rabin tuffar duniya, a Amurka kuwa jihar Washinton ita ce kan gaba. Itacen na ƙasar sanyi ne. Yakan zubar da ganye ya yi barci da hunturu, kuma yawancin ire-irensa ba su yin fure sosai sai sun sha sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7 na tsawon awa 800 zuwa 1,000, wasu ma fiye. Sanyin hunturunmu na Kano ko Zariya, ko da ya ke yana sa mu jin wuta da asuba, bai kai ko kusa da wannan ba. Akwai wani iri mai suna Anna da aka fitar a Isra'ila, wanda awa 200 zuwa 300 ke isarsa, kuma a kan tudun Jos, inda ƙasa ta ɗaga wajen mita 1,200, akwai masu 'yan itatuwan tuffa. Amma wanda ya ci tuffa a Katsina ya tura 'ya'yan cikinta a bayan ɗaki yana jiran ya ci riba, to, ya nemi wani aikin. Ko da ta tsiro ta girma, sanyin da za ta yi fure babu shi. Ban da wannan ma, tuffa ba ta gadon uwarta ta hanyar iri. Ka shuka 'ya'yan mai zaƙi, ka sami mai tsami ko mai bauri. Don haka duk tuffar kirki da a ke sayarwa ta aure ce, kamar yadda mu ke yi wa mangwaro da lemo.

 Turawan Ingila da suka ƙaura zuwa Amurka sun tafi da iri, kuma a 1625 wani mai suna William Blaxton ya dasa lambun tuffa a Boston. Daga baya wani mutum, John Chapman, wanda ya rayu daga 1774 zuwa 1845, ya yi ta yawo yana kafa wuraren renon tuffa daga iri a Fensilbaniya da Ohayo da Indiyana. Itatuwan da suka fito daga irin wannan shuka yawancinsu ba su ciyuwa ɗanye. Ga shi kuma itacen sau ɗaya ya ke haihuwa a shekara, tsakanin Agusta da Nuwamba, duk a lokaci guda, har a rasa inda za a sa. Tuffa mai tsami kuwa, da ta ji wuta da sukari, sai ta fi mai zaƙin daɗi. Su waɗannan baƙi, da yawansu ba su da tanderun gini irin na garuruwan da suka baro. Abin da su ke da shi tukunyar ƙarfe ce mai kauri, mai ƙafa uku, mai murfi da baki a ɗage don ya riƙe garwashi. Sai su zuba 'ya'yan itace a ciki, su rufe da kwaɓi, su sa wuta ƙasa da bisa. Aikin ya ƙara sauƙi bayan 1843, shekarar da wani mai haɗa magani a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, ya haɗa garin nan mai sa kwaɓi tashi da mu ke kira bakin hoda, domin matarsa yis ba ya yi mata. A yaƙin duniya na biyu ma, da aka fara auna wa mutanen Ingila bota da sukari a 1940, kobla ta yi farin jini can, don ba ta cin mai da yawa.

To, ina ruwanmu da abincin mutanen da ke bayan teku? Ruwanmu shi ne tuffa ta riga ta zo ta same mu. Duk wanda ya bi bakin titi a Kano ko Kaduna ya ga masu tire da masu baro sun jera ta, kore da ja da ruwan ɗorawa. Yawancinta daga Afirka ta Kudu ta ke zuwa, a jirgin ruwa, cikin kwantena mai sanyi, a kwali mai nauyin kamar kilo 18. Muddin tana cikin sanyi, tsakanin digiri 0 da 4, takan yi watanni lafiya. Da ta fito ta hau tire a ranar Afrilu, kwanakinta ƙidayayyu ne. Ɗan kasuwa ya san yadda abin ya ke: ya buɗe kwali ya tarar wasu sun bugu tun a hanya, wasu kuma su bugu a hannun masu tayawa, wanda kowa sai ya latsa kafin ya ce ta yi tsada. Kwana biyu sai tabo ya fito, mai saye ya kau da kai. A cikin waɗannan 'yan ƙwayoyi ribar kwalin duka ta ke.

A nan akwai abin da na ke so kowa ya riƙe da kyau, domin magana ce ta lafiyar iyali. Tuffar da ta bugu daban, tuffar da ta ruɓe daban. Wadda ta bugu, wurin ya yi launin ƙasa-ƙasa ya ɗan yi laushi, amma ɓawon bai fashe ba kuma ba ta wari. Wannan a yanke wurin a yar, sauran lafiya lau. Wadda ta yanƙwane don ta daɗe ita ma tana da amfani, ruwa ne ya ragu, zaƙin na nan. Amma wadda wurin ya yi ruwa-ruwa, yatsa na nutsewa, ga fumfuna fara ko shuɗiya-shuɗiya, ga warin ƙasa, wannan ba ta kobla ba ce, ba ta kowa ba ce. Fumfunar nan tana fitar da wani dafi da masana ke kira fatulin, wanda wuta ba ta kashe shi, kuma yakan ratsa ya wuce inda ido ke gani. Kada a ce za a yanke a yi amfani da rabi, a yar da ita ɗungum. Kada kuma a bar ta kwana cikin 'yan'uwanta. Tuffa tana fitar da wata iska, etilin, mai gaggauta nunar abin da ke kusa, wadda ta ji rauni kuma ta fi fitarwa, fumfunar ma tana yaɗuwa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ɗan kasuwar da ke tsince tirensa kowace safiya ya fi wanda ke jira sai ya ji wari.

Yanzu ga yadda a ke yi, da awon da zai ishi mutum shida zuwa takwas. Zan auna da ƙaramin gwangwanin madara, tun da kowane gida akwai shi.

A sami tuffa takwas matsakaita, ko goma in za a yanke tabo da yawa. In da hali a gauraya kore da ruwan ɗorawa. Koren nan mai tsami sunansa Granny Smith, an same shi a Ostareliya a 1868, kuma shi ya fi dacewa da wuta, don ba ya narkewa kuma tsaminsa na tsaya wa sukari. Mai ruwan ɗorawa, Golden Delicious, yana da zaƙi da ƙamshi. Jan nan mai duhu mai tsini a gindi, a ganina shi ne na baya, ya fi kyau a ido, amma in ya ji wuta sai ya yi lami. Mutanen Ingila suna da wani iri na girki kawai, Bramley, wanda uwarsa wata yarinya ce ta shuka ta a garin Southwell a 1809. Wannan ba ya zuwa kasuwarmu.

A wanke, a fere, a raba huɗu, a cire tsakiyar da 'ya'yan, a yanka kaurin ƙaramin yatsa. Yanka ya zama daidai wa daida, in ba haka ba wani ya narke wani yana ɗanye. Tana yankuwa a matsa mata lemon tsami ɗaya a juya, domin tuffa da ta sha iska sai ta canja launi kamar yankakken gauta, tsamin kuwa yana hana wannan. Sai a zuba sukari rabin gwangwani. In duk masu zaƙi ne a rage, in duk kore ne a ɗan ƙara. A sa garin kirfa ƙaramin cokali ɗaya, da gishiri ɗan kaɗan. Mai son gyaɗar ƙamshi ko citta ya barbaɗa kaɗan. Kanumfari kuwa a yi hankali da shi, biyu ko uku a daka sun isa, in ya yi yawa sai ka rasa ko tuffa ka ke ci ko maganin haƙori. A ƙarshe a barbaɗa fulawa babban cokali ɗaya a juya. Wannan cokali ɗaya kada a raina shi. Tuffa kashi 85 cikin ɗari ruwa ce, in ta ji zafi za ta sake shi, fulawar nan ita ke kama ruwan ya yi kauri maimakon ya zama romo.

A shafa wa kwanon gashi ko langa mai, a juye tuffar, zurfinta kada ya wuce yatsa uku a kwance. Ni shawarata a fara gasa tuffar ita kaɗai kamar minti 15 kafin a sa kwaɓi. Dalili kuwa, tuffa ta fi kwaɓi jinkirin nuna, kuma in kwaɓi ya sauka a kan tuffa mai zafi, gindinsa na fara gasuwa nan take. In aka ɗora shi a kan mai sanyi, sau da yawa bisa ya yi ja, ƙasa yana nan ɗanye yana yauƙi, wannan kuwa shi ne babban abin da ke ɓata kobla.

Tuffa na kan wuta sai a yi kwaɓi. Fulawa gwangwani biyu, sukari babban cokali uku, bakin hoda ƙaramin cokali biyu, gishiri kaɗan, a gauraya su a bushe. Uwargida ta gwada hodarta tukuna: ta zuba kaɗan a ruwan zafi, in ta yi kumfa tana da rai, in ta kwanta shiru ta mutu, a sayo wata. Hoda ba ta son laima, wadda ta yi damina a buɗe da wuya ta yi aiki. Sa'an nan a sa bota babban cokali shida, a murza da kan yatsu har garin ya zama kamar tsaki. Man shanu ɗanye na Fulani yana yi sarai, in sabo ne an wanke shi. Abin lura shi ne man ya kasance a daskare. 'Yan gutsattsarin man nan su ke narkewa a wuta su bar ƙofofi, abin ya yi laushi. In man ya riga ya narke kafin ya shiga, kwaɓin yakan yi nauyi. Wanda ba shi da firji ya sa man a kwano mai murfi ya ajiye a gindin randa, ya yi aikin da safe. Daga nan a zuba madara kamar kashi uku cikin huɗu na gwangwani. Nono ma yana yi, matan kudancin Amurka da tsala su ke kwaɓa irin wannan. A juya da cokali sau kaɗan, da garin ya jiƙe a tsaya. Ba burodi ba ne, ba a buga shi, ba a murɗa shi. In aka cika juyawa sai fulawa ta yi danƙo, abin ya fito da tauri. Ba a kuma ajiye shi ya jira, don hoda tana fara aiki tun da ta ji ruwa.

A fito da tuffa, a riƙa ɗibar kwaɓi da cokali ana ɗorawa nan da can, kamar ƙwan kaza girma, a bar 'yar tazara tsakani. Kada a shafe fuskar duka. Tazarar nan ita ce ƙofar da tururi ke fita, in an toshe ta sai tururin ya koma ya jiƙa kwaɓin. A barbaɗa ɗan sukari a bisa.

Saura wuta, kuma a nan gwaninta ta ke. Mai tanda ta lantarki ko ta gas aikinsa ya yi sauƙi: digiri 190, minti 30 zuwa 35 bayan an sa kwaɓi. Amma kobla ba a tanda aka haife ta ba, kuma wanda ba shi da ita bai rasa kome ba. A sami tukunya mai kauri mai faɗi, da murfin ƙarfe da zai ɗauki garwashi, ko faifan ƙarfe. Matanmu masu yin kek sun san dabarar zuba yashi a gindin tukunya a bar shi ya yi zafi, sa'an nan a ɗora kwano a kai. Haka za a yi, sai dai a ƙara garwashi a kan murfi. Ƙa'idar masu gashi da tukunyar ƙarfe ita ce a raba garwashi uku, kashi biyu a bisa, kashi ɗaya a ƙasa. Mu mun saba da wutar tuwo, wadda duk ƙarfinta a gindi ya ke, to a nan sai an juya hankali. Sukari na saurin kamawa, in wutar ƙasa ta yi yawa sai a sami ƙanzo mai ɗaci a gindi alhali bisa fari fat. Garwashi ya zama wanda ya riga ya ruru ya yi toka-toka, ba harshen wuta ba. Kowane minti goma a ɗan juya tukunya gefe guda, a juya murfi ɗaya gefen, don babu garwashin da zafinsa ke zuwa daidai ko'ina. Kada a yi ta buɗewa ana leƙe, kowane buɗi zafi ne ke gudu. In za a buɗe a ɗaga murfi a miƙe, a hankali, kada toka ta zuba. Da garwashi lokacin yakan ɗan fi na tanda, musamman in ana iska.

Alamar nuna uku ce, kuma sai sun haɗu. Bisa ya yi ja kamar bayan burodi. Ruwan tuffa yana ɓararraka ta tsakanin kwaɓi, har a tsakiyar kwano, ba gefe kaɗai ba. Sa'an nan a soka tsinke a kwaɓin tsakiya ya fito ba ɗanyen ƙullu. In bisa ya yi ja tun sauran ba su yi ba, a rage garwashin murfi a ƙara haƙuri.

In an sauke a bar ta ta huce minti 20. Yara za su yi ta zagaye, a hana su, domin ruwan sukari mai zafi ya fi ruwan zafi ƙuna, kuma sai ta ɗan huce ruwan ke kama jikinsa. Da ɗuminta a ke ci. Amurkawa sukan ɗora mata askirim, Ingilishi kuwa kastad. Kindirmo mai sanyi, a wurina, bai gaza ko ɗayansu ba, tsaminsa na yanke zaƙin. Abin da ya rage, in ba firji, kada ya wuce washegari.

Maganar kuɗi kuwa, gaskiya ita ce wanda ya sayi tuffa lafiyayya takwas a farashin tire don ya gasa, ya yi abincin sarauta. In malamin ofis ne ranar albashi, ko za a yi baƙo, ba laifi. Amma amfanin abin yana ga mai bugaggiya. Mai saye ya je wurin mai tire da yamma ya ce a ware masa masu tabo, ya yi ciniki. Mai tire kuma, maimakon ya ɓoye tabo a ƙasa ya juyo da kyakkyawar fuska, wanda ba ya jawo kome sai ɓacin suna, gara ya ware su gefe ya karya farashi, ko ya kai gida a gasa a yanka a sayar. Fulawa da sukari da mai da ke shiga ba su kai kuɗin tuffar ba, kuma tuffa takwas da da mutum takwas za su ci ɗanya su tashi kamar ba su ci kome ba, a kobla sukan ƙoshi.

Manomi zai ce shi ba shi da tuffa. A kudancin Amurka ma ba da tuffa suka fi yi ba, da wani ɗan itace ne mai suna fic, mai nama ruwan ɗorawa da ƙwallo ɗaya a ciki, wanda taushinsa ya yi kusa da na mangwaro. Saboda haka mai lambun mangwaro, wanda a Afrilu da Mayu ya ke kallon 'ya'ya na zuba ƙasa ba mai saye, kwaɓin nan da wutar nan za su yi masa aiki. A zaɓi mai aure marar zare, wanda ya nuna amma bai yi luguf ba. A rage sukarin ciki zuwa cokali biyu, a matsa lemon tsami biyu maimakon ɗaya, a sa fulawa cokali biyu don ya fi tuffa sakin ruwa. Ba sai an fara gasa shi shi kaɗai ba, a ɗora kwaɓi tun farko, minti 35 zuwa 40 ya isa.